Kafin a biya kuɗin mota, a tambayi wanda zai tuƙa ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Mu direbobi ne da makanikai a nan Tawa, muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan yadda mutanenmu ke zaɓen mota, abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mai saye zai zo wurin dillali, ya zagaya motar sau biyu, ya shafa fenti, ya tambayi shekarar ƙira, ya kunna sanyi ya ji ya ratsa shi, shi ke nan ciniki ya faɗa. Sau da yawa ma mai kuɗin yana can Abijan wajen nema, hoto kawai aka tura masa ta WhatsApp. Wanda zai riƙe sitiyarin daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar kilomita sama da 500, ba a tambaye shi komai ba.

Yawancin motocin da suka shigo mana ta Lome ko Kotonu an zana su ne don titunan Turai da Amurka da Japan. Injiniyan da ya zana su bai san burjin Keita da duwatsun Adar ba, bai san ranar Afrilu da Mayu da ke haura digiri 42 ba, bai kuma taɓa cin karo da amalanken jaki a kan kwalta da tsakar dare ba. Aikinmu ne mu auna abin da ya zana da hanyar da motar za ta bi, kuma daga kujerar direba ake yin wannan awon.

Direba da abin da ya gani yake aiki. Mai saye ya zauna, ya daidaita kujera da madubai, ya sa wani ya zagaya motar a hankali yana nesa da ita kamar taku biyar. Duk inda mutumin ya ɓace, nan ne mai kabu-kabu zai ɓace gobe a shataletale. Motocin wannan zamani an kaurara musu ginshiƙan da ke riƙe da gilashin gaba don rufin ya jure idan mota ta kife. Ranar hatsari wannan alheri ne, amma ginshiƙi mai faɗin tafin hannu da ke kusa da ido yana iya ɓoye babur da mutum biyu a kansa, sai direba ya saba da motsa kai gaba da baya a kowace mararraba. Manyan jif masu dogon hanci kuwa, yaro ɗan shekara uku yana iya tsayawa a gabansu a ƙofar gida direba bai san da shi ba.

Maganar dare ce ta fi damun mu, don haka za mu ɗan tsaya a kanta da lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta sauka kan birki, direba mai natsuwa yana ɓata daƙiƙa ɗaya, mita 28 sun tafi. Birki mai lafiya a kan busasshiyar kwalta yana neman mita 45 zuwa 55 kafin motar ta tsaya cak. Jimla kusan mita 80. To ƙaramar wuta, wadda muke ce wa kod, da ƙyar take nuna baƙin abu da ya wuce mita 50. Ke nan duk wanda ke gudun 100 da ƙaramar wuta tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, saniyar da zai gani ya riga ya buge ta tun kafin ya gan ta. A gudun 70 kuwa jimlar tana saukowa ƙasa da mita 50, domin nisan birki ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: a ninka gudu biyu, nisan birki ya ninku huɗu. A kan burji mai tsakuwa sai a sake kusan ninka abin da birki ke nema.

Saboda haka fitila tana cikin abin da ake gwadawa kafin a biya. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, bayan magariba. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama da gawayi a bangon daidai wannan tsayin, a kunna ƙaramar wuta. Bakin hasken ya kamata ya sauka santimita 10 zuwa 13 ƙasa da alamar, a miƙe, sannan ya ɗan ɗaga ta hannun dama, wajen gefen hanya inda masu tafiya a ƙasa suke. Idan ta hagu ya ɗaga, fitilar ta ƙasashen da ke tuƙi a hagu ce, irin Ingila da Japan, kuma za ta riƙa kashe idon duk wanda ya tunkaro. Akwai wani ɗan ƙaramin juyi kusa da sitiyari a yawancin motocin Turai, mai lamba daga 0 zuwa 3, wanda direbobi da dama ba su san aikinsa ba. Idan an loda baya, gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga, hasken ya koma sama, wannan juyin ne ake murzawa ya sauko da shi. Murfin fitila na roba da rana ta mayar ruwan ɗorawa yana cinye haske sosai, ana goge shi ko a sauya. Sai kuma ɗabi'ar cusa farin ƙwan LED a gidan fitilar da aka yi don ƙwan halojin. Madubin ciki an lissafa shi ne da inda zaren ƙwan yake, da an sauya sai hasken ya warwatse, mai motar yana murna da farin haske a gabansa, na nesa bai ƙaru ba, ɗan'uwansa da ke tahowa kuwa ya makance.

Birki kansa yana da abubuwan da ƙafa ke faɗa. A taka da ƙarfi inji na aiki, a riƙe rabin minti. Idan feda ta ci gaba da nutsewa a hankali, akwai yoyo ko babban famfon birki ya gaji. Man birki yana shan laimar iska: mai lambar DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 155 ya tafasa. Idan ya tafasa a gangare da lodi, feda ta tafi ƙasa ba ta riƙe komai. Duk shekara biyu ake sauya shi, mu kuwa ƙari kawai muke yi. Motar da ke da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, idan aka taka birkin gaggawa, feda za ta yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafa. Lafiyarta ce, kada a ɗaga ƙafa, kada a yi famfo, a danne a juya sitiyari a kauce. Sai dai a sani, a kan yashi da tsakuwa ABS yana ƙara nisan tsayawa, abin da yake bayarwa shi ne ikon juya mota.

Duk wannan birkin a kan taya huɗu yake sauka, kowace tana taɓa ƙasa da wurin da bai fi tafin hannu ba. Malam Edita, da kowane mai mota zai koyi karanta gefen tayarsa, da an rage zaman makoki. A ɗauki 195/65 R15. Faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 127, rim ɗin kuma inci 15. A kwatanta da 225/45 R17 da samari ke so saboda kyau: gefenta milimita 101 ne kacal. Wannan gefen shi ne matashin farko da ke karɓar bakin rami. Idan ya yi gajarta, bakin ramin ya matse shi da rim, zaren ciki ya tsinke, ƙullutu ya fito kamar ƙwai, wata rana ya fashe a guje. A hanyoyinmu, tsakanin mota biyu iri ɗaya, mai ƙaramin rim da doguwar taya ta fi.

Bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Idan an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida a wannan rana tamu abar tuhuma ce ko da zanenta na nan, wadda ta kai goma kuwa ba ta da wurin zama. Tayar da ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefenta ta hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce, kwaltar Mayu tana cinye ta kamar sabulu, kuma irinsu sun cika kasuwar tayoyin gwanjo. Lambar da ke bayan girman, kamar 91, tana nufin kilo 615 ne iyakar abin da tayar ke ɗauka. Iska kuwa, adadinta yana rubuce a wata ƴar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, yawanci 2.2 zuwa 2.5 na abin da masu faci ke ce wa kilo, kuma da safe ake aunawa kafin a yi tafiya. Bayan doguwar tafiya za ta ƙaru da 0.2 ko 0.3. Nan ne kuskuren da ya yaɗu yake: direba ya tsaya a Dogon Dutsi ya rage iska wai don kada zafi ya fasa taya. Tayar da iska ta yi wa kaɗan ita ce ke lanƙwasa a kowane juyi, ta ɗauki zafi daga ciki, ta yage. Rage iska na yashi ne kawai, a sauko zuwa 1.5 a tafi a hankali, a mayar da zarar an hau tauri.

A buɗe but a ga sifiya da ido. Motoci da yawa yanzu da siririyar taya suke zuwa, wadda ba a wuce gudun 80 da ita, wasu ma kwalbar gam da ɗan famfo kawai. Wanda dutse ya yaga masa gefen taya bayan Abalak a hanyar Agadas, gam ba zai kai shi ko'ina ba.

A durƙusa a leƙa ƙarƙashi. Ƙananan motoci irin Corolla suna da tazarar santimita 13 zuwa 15 daga ƙasa, Hilux da Land Cruiser sama da 20, kuma wannan awon mota ba kowa ne. Mutum biyar da kaya za su cinye santimita biyu zuwa uku. Abin dubawa shi ne me ya fi kusa da ƙasa. Idan ƙarfen giciye ne, da sauƙi. Idan kwanon baƙin mai ne, musamman na alminiyam wanda ba ya lotsewa sai dai ya tsage, dutse ɗaya ya isa ya zubar da man, inji ya ƙone cikin mintuna. Kan kusar zubar da mai yakan nuna tarihi: in ya goge ya yi sheƙi, motar ta sha jan ciki. Faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji yana da amfani, muddin an bar masa ƙofofin iska. Dattawa har yau suna yabon Peugeot 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, kuma sirrinta ba ɓoyayye ba ne: ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, taya tana bin rami ba tare da ta bar ƙasa ba. A burjin da ya yi kunya-kunya kamar kwanon rufi, motar da amortisar ɗinta, wato abin da ke shanye tsallen ƙafa, ya mutu tsalle take yi, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta juyawa. In an ga mai ya jiƙe jikinsa, ko an danna kusurwar mota ta yi ta rawa fiye da sau ɗaya, ya gama aiki, kuma biyu-biyu ake sauya su.

Lodi ma yana cikin zanen mota. Ƙaramar mota kilo 400 zuwa 500 aka yi ta ta ɗauka har da direba, rufinta kuwa yawanci 50 zuwa 100. Buhun hatsi ɗaya ya cika ma'aunin. Kowane kilo da aka ɗora sama yana ɗaga nauyin motar daga ƙasa, ranar da aka kauce wa akuya a guje sai ta tafi da gefe. Hiace da ke barin kasuwa da kayan da suka kai rabin tsayinta a kai, direbanta ya san sitiyarin ya yi masa sauƙi a hannu, kuma wannan sauƙin alama ce cewa tayoyin gaba sun rage riƙo.

Sai zafi. Muna fifita motar da ke da allurar zafin inji a kan wadda ke da jar fitila kawai, domin allura tana ba da labari tun tana hawa, fitila kuwa sai aikin gama ya gama, musamman a injin da kansa na alminiyam ne, wanda tafasa ɗaya ke iya karkatar da shi. Murfin lagireto, wato radiyata, ba marufi ne kawai ba, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. Robarsa ta tsage, ruwan ya koma tafasa a 100, a yi ta zargin fanka da famfon ruwa, alhali maganin bai fi kuɗin cefanen yini ba. Muna kuma kira ga ƴan'uwanmu makanikai su daina cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne. Yana buɗewa tsakanin digiri 82 da 90 don inji ya zauna a zafin da aka lissafa masa. In babu shi, da sanyin hunturu kwamfutar mota tana ɗauka inji bai yi ɗumi ba, ta yi ta ƙara mai. A injuna da yawa kuma shi ke toshe gajeriyar hanyar ruwa, in an cire shi wani ruwan zafin ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa ta toshe siraran bututu. A sa ruwan sanyaya inji na gaskiya.

A nemi bakin da inji ke shaƙar iska. A wasu ƙananan motoci yana can ƙasa bayan bamba. Da damina, idan ƙorama ta kawo ta hau hanya, irin wannan motar tana zuƙar ruwa, ruwa kuma ba ya matsuwa, sai sandar fistan ta lanƙwashe. Wanda injinsa ya mutu a cikin ruwa kada ya sake tayarwa, a ja motar, a cire fulogi, a fitar da ruwan tukuna. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, na 60 yana tafiya da yawancin manya. Matatar iska kuwa a lokacin hazo ana duba ta kowane mako, a hura daga ciki zuwa waje da iska mai sauƙi, a ɗaga ta ga rana, in an ga ko huda ɗaya a yar.

Masu sha'awar motar gazuwal ta Turai su yi hattara da arhar da suke gani, banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 5 ta 2009 ake sa musu matatar hayaƙi a salansa, wadda ke buƙatar gazuwal mai ƙarancin sulfa da doguwar tafiya don ta ƙone toka a wajen digiri 600. Zirga-zirgar cikin gari tana toshe ta, mota ta rage ƙarfi. Na Euro 6 da yawa suna shan wani ruwa mai suna AdBlue, idan ya ƙare motar ba ta sake tashi. Allurar mansu tana aiki da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000, ɗigon ruwa ko ƙura daga man kwalba na bakin hanya ya isa ya lalata ta. Shi ya sa injin 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser, da famfonsa marar kwamfuta, yake da daraja a arewa har gobe. Giya mai sarrafa kanta hutu ce a cunkoson Yamai, amma ba a tura ta ta tashi in batir ya mutu, kuma a cikinsu irin da ake kira CVT da mai busasshen kuloci biyu ba sa son yashi da lodi.

A cikin mota, duk abin da hannu ba zai samu ba sai ido ya bar hanya, aibi ne a wurinmu. Kallon allo na daƙiƙa biyu a gudun 100 tafiyar mita 56 ce a makance. Hatta Euro NCAP, masu gwajin tsaron motoci a Turai, sun sanar cewa daga 2026 za su rage maki ga motar da hon da sigina da fitilar haɗari da magogin gilashi ba su da maɓallin hannu. Kujera ta matsa yadda gwiwa za ta kasance a ɗan lanƙwashe an danne kuloci, wuyan hannu ya kai saman sitiyari kafaɗa na jingine, ƙirji kuma ya yi nisan santimita 25 da tsakiyarsa, saboda jakar iska da ƙarfin gaske take fitowa, kuma an lissafa ta ne da wanda ya ɗaura bel. A murza makulli ba tare da an tayar ba, a ƙirga fitilun allo. Ta jakar iska da ta ABS da ta inji dole su kama, sannan su mutu, ta inji sai an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, a yi zargin an cire ƙwanta don a rufe wani ciwo.

Muna roƙon masu makarantun koyon tuƙi su sa karatun taya da lissafin nisan birki cikin darasi, da Hausa da sauran harsunanmu, masu binciken lafiyar mota kuma su duba shekarun taya da saitin fitila da gaske. Mai saye kuwa ya tafi da direbansa da makanikinsa, a zuba mutum huɗu a motar, a fita da ƙarfe biyu na rana da sanyi a kunne, a yi kilomita goma a kwalta, biyar a burji, a tsaya minti goma inji na aiki ana kallon allura, a leƙa ƙarƙashi a ga ko wani abu na ɗiga. A dawo bayan magariba da gawayi da ma'auni, a je jikin bango.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya tsare matafiya.

Naka,
Wasu direbobi da makanikai,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.